An sallame shi daga asibiti, to wa zai miƙar da shi? Muhawara kan gashin ƙashi a lokacin annoba

Maman Nabila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kai Baba awon hawan jini, sai na ga wata baiwar Allah ta turo mijinta a keken guragu, hannunsa na dama a naɗe a ƙirji, yatsun a dunƙule kamar ya damƙe wani abu. Ina ganinsa na ga Babanmu sak. Abin ya dawo min sabo, na kasa barci, shi ne na ce bari in kawo maganar nan tunda muna da ma'aikatan lafiya a cikinmu.

Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki a ƙarshen Fabrairun 2020, a makon da aka sanar da mutum na farko mai korona a Legas. Kwanansa goma sha ɗaya a gadon asibiti aka sallame mu, aka rubuta masa gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka mutu da koya masa tafiya, sau biyu a mako. Wallahi mun ga amfaninsa. Kafin wata guda ya fara ɗaga ƙafar, yana taku huɗu zuwa biyar da sanda, yana riƙe kofin shayi idan an tallafa masa. Sai aka sa dokar kulle a Kano ranar 16 ga Afrilu. Yayanmu ya bi lungu-lungu da shi a mota har asibitin, ya tarar da sashen gashi a garƙame, mai gadi ya ce masu larurar gaggawa kawai ake gani. Ba lambar waya, ba wata takarda da ta ce ga abin da za ku riƙa yi masa a gida. Mu kuma da tausayinmu sai muka bar shi a kwance, ana ba shi abinci a baki, ana shafa masa man zafi, ba mai son ya motsa shi kada ya ji ciwo. Ga azumi ya kama, ga labarin mace-mace ta ko'ina, tsoro ya cika kowa.

Da aka buɗe gari a watan Yuli muka koma. Kafaɗar ta ƙage, gwiwar hannun ta ƙi miƙewa, ga gyambon kwanciya a ƙugu. Matar da ta duba shi ta yi shiru, can ta ce watannin da suka fi amfani sun riga sun wuce mu. Baba tela ne, ya fi shekara arba'in a kan keken ɗinki. Har yau bai sake taka shi ba.

Korona ba ta taɓa Baba ba, amma ita ta karɓe masa hannu. Abin da nake son sani: wa ya yanke hukuncin cewa gashi ba ya cikin abin da ya zama dole? Kuma in Allah ya kawo wata annobar gobe, an gyara tsarin ko haka za a sake rufewa?

Baban Walid:
Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Irinsa ya faru da matar wana, ita karaya ce a cinya, an yi mata aiki kwana tara kafin kulle. Da ɗingishi ta tashi.

Dakta Mai Jinya:
Wa alaikumussalam Maman Nabila. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Zan faɗi abin da ba zai yi daɗin ji ba, amma ina cikin waɗanda suka yi aiki a wurin killace masu cutar a lokacin, kuma ina ganin ba a yi wa mutanen da suka rufe sassan nan adalci idan aka manta yadda watan Afrilun nan ya kasance.

An samu mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu. Kafin mako biyu masu haƙar kabari sun fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗa da bakinsa cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika a ƙananan hukumomin cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona. Abokan aikinmu suna kamuwa, takunkumi mai kyau ɗaya mutum zai yi kwanaki yana maimaitawa, silindar oksijin kuwa sai a cire wa wannan a sa wa wancan. Yanzu a dubi su waye ke zama a bencin ɗakin gashi: tsofaffi, masu hawan jini, masu ciwon suga, wato ainihin waɗanda cutar ta fi kashewa. Kuma aikin gashi ba a yinsa daga nesa, sai an rungumi mutum, numfashinka a fuskarsa. Da an bar ɗakin a buɗe Baba ya kwaso cutar a can, yau wata maganar muke yi. Mai rai shi ke neman hannu.

Abu Fisiyo:
Dakta, ni ma'aikacin gashi ne, ina girmama aikin da kuka yi, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa ba. Amma rufe ɗaki daban, yanke hulɗa da mara lafiya daban. Abin da ya sami Baba na biyun ne.

Kuma ba a Kano kaɗai ba. A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155 halin da ayyukan kula da cututtukan da ba a ɗauka suke ciki. Kula da hawan jini ya samu tsaiko a kashi 53 cikin ɗari na ƙasashen, ciwon suga kashi 49, kansa kashi 42. Ayyukan farfaɗo da marasa lafiya, wato namu, kashi 63. Mu ne a sama. Dalili kuwa a fili yake: lokacin da ma'aikatun lafiya suka zauna rubuta jerin ayyukan da ba za a tsayar ba, haihuwa ta shiga, rigakafi ya shiga, tiyatar gaggawa ta shiga, mu babu ko mutum ɗaya namu a teburin. Abin da ba a rubuta ba kuwa shi ake fara rufewa, a kwashe ma'aikatansa a kai wani wuri.

Matsalar ita ce ana ɗaukar gashi kamar tausa, abin da zai iya jira. Wani zai iya, wani ba zai iya ba. Mai tsohon ciwon baya ya jira wata uku, ba abin da zai lalace. Amma mai sabuwar shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan abin da ƙwaƙwalwa za ta dawo da shi a wata uku zuwa shida na farko take dawo da shi. Wanda ya ƙone, in ba a miƙe gaɓar kullum ba fatar za ta warke a tattare, sai an sake yanka. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, duk mako ake canza masa filasta, in aka tsaya tsakiya ƙafar ta koma gidan jiya. Mai rauni a laka, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara kaɗai sun isa su kashe shi. Waɗannan gaggawa ce, sai dai ba ta zubar da jini a ƙasa balle a gani.

Abin da ya kamata a yi ba mai tsada ba ne. A raba marasa lafiya gida uku: waɗanda dole a gan su ido da ido, a ba su lokaci ɗaya bayan ɗaya a farfajiya inda iska ke kaɗawa, waɗanda za a bi su ta waya a koya wa mai jinya, da waɗanda za su jira. Da an yi wa Maman Nabila kira na minti goma duk mako, an ce a juya shi duk awa biyu, a miƙe yatsun, a zaunar da shi, a bar shi ya yi ƙoƙarin cin abinci da kansa, da ba a kai ga haka ba.

Maman Nabila:
Malam Abu, wannan na ƙarshen ya sosa min zuciya. Mu a ganinmu gata muke yi masa.

Abu Fisiyo:
Kada ki ɗora wa kanki, Hajiya. Duk gidan da na shiga haka ake yi, don ba wanda ya gaya musu. Laifin tsari ne da ya sallami mutum bai koya wa iyalinsa komai ba.

Dakta Mai Jinya:
Na karɓi maganar kiran waya, wannan gaskiya sakaci ne. Zan ma ƙara maka hujja a kaina: mu kanmu a wurin killacewa mun nemi irinku mun rasa. Kwantar da mai sarƙewar numfashi rub-da-ciki, koya masa yadda zai ja numfashi ya fitar da majina, tayar da wanda ya yi mako biyu a kwance ƙafafunsa sun saki, duk mu da nas-nas muka riƙa lalube. Kuma da gwaji ya nuna ba cutar, sai mu tafa wa mutum mu sallame shi, a rubuta shi cikin waɗanda suka warke. Na haɗu da ɗaya daga cikinsu bayan wata biyar, malamin makaranta, ya ce ba ya iya hawa bene ɗaya sai ya huta, kuma yana manta sunayen ɗalibansa. Sai a watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar wannan larura ta bayan korona a hukumance: alamomin da ake gani wajen wata uku da kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, ba kuma wata cuta da ta bayyana su. A alƙalumanmu gida biyu ne kawai, ya mutu ko ya warke. Na tsakiya ba shi da layi a rajista.

Amma ina nan a kan bakata a wuri ɗaya. In kuɗi kaɗan ne, oksijin ne farko.

Ɗan'azumi Mai Keke:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba likita ba ne, walda nake yi, ina ƙera kekunan guragu. Shan inna ta kama ni ina shekara uku. Duk maganar da kuke yi ta asibiti ce, ni kuwa ina so ku leƙo waje.

An ce a yawaita wanke hannu. Ɗan uwana da ke rarrafe da hannunsa yake tafiya, bokitin da aka ajiye a ƙofar banki da kasuwa kuwa a kan dogon teburi yake, ko famfon ba ya kaiwa. An ce a ba da tazara, makaho da ɗan jagora za su ba juna tazara? Ana ta sanarwa a rediyo da mota mai lasifika, kurma ta ina zai ji? Ranar da aka ce ana rabon tallafin abinci a unguwarmu na je, turereniya ta sa na juyo, don in aka ture kekena ba mai ɗaga ni. Kasuwar da nake sayen bututun ƙarfe da taya a rufe, mutane suna kirana kekensu ya karye, wanda kekensa ya karye kuwa ko banɗaki sai an ɗauke shi. Gyaran keke a wurinmu daidai yake da magani, amma ba wanda ya ba ni takardar izinin fita kamar yadda aka ba masu kemis.

Kuma abin da ya fi tsaya min a rai: ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar koronar, aka sanar cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka. Na yi murna har da hawaye, don ba na son jikana ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Amma shekara da shekaru ana bi gida-gida da ɗigon rigakafi, ba a taɓa bi gida-gida an tambayi waɗanda cutar ta riga ta kayar ko suna da takalmin ƙarfe ko sanda ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu tun Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati. Ku je ku ƙirga asibitocin sha-ka-tafi da keke zai iya shiga.

Maman Nabila:
Kawu Ɗan'azumi, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa tunanin maganar bokitin nan ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Kano. Mu nan wajenmu korona ba ta yi ɓarna kamar yadda aka ji tsoro ba, an samu na farko 19 ga Maris 2020, aka killace Yamai, aka rufe masallatai na ɗan lokaci. Amma maganar da kuke yi mun san ta tun kafin korona, sanƙarau ya koya muna. A 2015 ya kama mutum sama da 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500, har aka rufe lakwal a Yamai. Ana zuwa da allura, a kafa tanti, a yi magani, zafi ya wuce damina ta sauka, masu tanti su naɗe su tafi. Ɗiyar ƙanwata ta tashi, amma kunne ya tafi. Tana aji biyu lokacin. Ba wanda ya auna jinta ranar sallama, sai da muka ga ana kiranta ba ta waigowa. Karatun ke nan ya tsaya.

Wani abu kuma da ku ba ku ji shi ba: mu da yawa Katsina da Kano muke zuwa neman maganin ƙashi, asibitin Dala sananne ne har ƙauyukanmu. Iyakar ƙasa ta Najeriya an rufe ta tun Agustan 2019, korona ta zo ta ƙara mata kwaɗo, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Wanda aka ce ya dawo bayan wata uku a duba ƙarfen da aka sa masa, ko a gyara masa ƙafar roba, ya zai yi?

Ummi Ɗaliba:
Kawu Ɗan Maraɗi ya taɓo inda nake rubuta aikina na makaranta. Kusan duk annobar da muka sani tana barin mutane a tsaye amma ba daidai ba. Sanƙarau, kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira yana tashi da wata larura mai ɗorewa. Zazzaɓin Lassa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka rayu suna samun matsalar ji, wasu ya dawo, wasu shi ke nan. Don haka ba a buƙatar duba don a san za a nemi masu gashi da masu auna ji da masu koyar da magana bayan kowace annoba.

Saliyo ce ta fi ba ni darasi. Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kama mutum sama da 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe sama da 11,000. Dubban da suka tsira aka yi ta ɗaukarsu hoto da takardar shaidar warkewa. Bayan 'yan watanni suka fara dawowa da ciwon gaɓoɓi, da kumburin cikin ido da ke makantarwa in ba a yi magani da wuri ba, da firgici, ga ƙyamar da makwabta ke nuna musu. Gwamnatin Saliyo ta yi abin a yaba, ta kafa shiri na musamman dominsu, ta sa su cikin masu samun magani kyauta tare da masu ciki da ƙananan yara. Sai dai shirin da kuɗin masu ba da agaji ya tsaya, da hankalin duniya ya koma wani wuri sai ya fara tangal-tangal. A Disamban 2017 wasu ma'aikatan lafiya biyu da suka tsira daga cutar suka kai gwamnatinsu ƙara kotun ECOWAS kan yadda aka yi da kuɗin yaƙi da Ebola. Abin da na ɗauka shi ne, duk shirin da aka gina shi a gefe, da sunan cuta ɗaya da kuɗin baƙi, ranar da baƙin suka tafi shi ma ya tafi.

A kan tambayar Anti Maman Nabila ko an gyara: a takarda an motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani kira tun 2017 na a ƙarfafa ayyukan farfaɗo da marasa lafiya zuwa 2030. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a ƙarshen 2020 ya ƙiyasta mutum biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da irin wannan kulawa za ta amfane su, wato ɗaya cikin uku. A Mayun 2023 kuma babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri na farko a tarihinsa a kan batun, kuma a ciki an nemi ƙasashe su sa shi cikin shirin ko-ta-kwana na annoba da bala'i. Ƙuduri dai ba ya tilasta wa kowa.

Alhaji Na Kwari:
'Yata Ummi, kin yi karatu, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne, tambayata ɗaya: da wane kuɗi? Gwamnatin da ba ta iya sa fanadol a asibitin ƙauye ba ita za ta ɗauki mai gashi ta kai kowace mazaɓa?

Ummi Ɗaliba:
Baba Alhaji, kuɗin ba su da yawa amma ba babu ba ne. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, kasafin tarayyarmu kuwa yawanci tsakanin 4 da 6 yake yawo. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A Afrilun 2020 Asusun Lamuni na Duniya ya ba Najeriya bashin gaggawa na dala biliyan 3.4, 'yan kasuwa ma suka tara biliyoyin naira aka kafa wuraren killacewa, har da na filin wasa na Sani Abacha. Ba ina cewa kada a kafa ba. Ina cewa ladan ma'aikacin gashi da katin waya da takardar hotuna ta koyar da masu jinya ba su kai kuɗin tanti ɗaya ba. Sannan Baba ka lissafa ɗaya ɓangaren: tela ya daina ɗinki, 'yarsa ta rage zuwa aiki don jinya, ga kuɗin wanke gyambo. Sama da kashi 70 na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita. Ana biya, iyali ne dai ke biya.

Sadiq ICT:
Ni ina ganin mafita tana waya. A buɗe layi na WhatsApp, mai gashi ya riƙa kiran bidiyo yana nuna motsin. Ƙasashe da yawa haka suka yi.

Anti Rukayya CHEW:
Sadiq ƙanena, a birni wannan zai yi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko, shekarata goma sha huɗu a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye. Matar da ke jinyar surukarta ba ta da babbar waya, ƙaramar ma ta maigida ce, yana gona da ita, caji sai ranar kasuwa. Rediyo kuwa kowane gida akwai. A lokacin kulle an koyar da yara darasi ta rediyo a Kano, me ya hana a ware minti goma sha biyar a koya wa masu jinya yadda ake juya mara lafiya da yadda ake ba shi ruwa kada ya shaƙe?

Amma babbar maganata ga Malam Abu take. A duk ƙaramar hukumarmu babu mai gashi ko ɗaya. Daga ƙauyen da nake zuwa inda ake yi, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa ya fi kuɗin gashin kansa, shi ya sa ko ba annoba sau biyu ake zuwa a daina, a koma wurin mai ɗori ko mai tofi. Mu ne a kusa da mutane. Muna da mata masu bi gida-gida da aka horar saboda shan inna, sun san kowane zaure. Ku koya mana abubuwa goma na farko, ku ba mu lambar da za mu kira in abu ya fi ƙarfinmu.

Abu Fisiyo:
Anti Rukayya, zan faɗa miki gaskiya, da yawa a cikinmu ba sa son jin wannan. Akwai hukumar da ke ba mu lasisi tun 1988, kuma tsoron da ake ji yana da tushe. Na ga kafaɗar da aka fizge wa mai shanyewar jiki wajen tayar da shi ta hannun da ya mutu. Na ga yaron da aka ɗaure wa karaya tamau har hannun ya yi baƙi. In aka yi horon kwana uku aka saki mutane ba mai duba su, gobe za a ga allon gashin ƙashi a ƙofar kowane kemis.

Duk da haka ina tare da ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa ƙwararrun wannan fanni ba su kai goma ga mutum miliyan ɗaya ba, mu kaɗan ɗin ma kullum wani na haɗa jaka zuwa Ingila ko Saudiyya. Jira sai mun isa kowane ƙauye yaudarar kai ce. Kuma tsarin ba baƙo ba ne, jagororin farfaɗo da naƙasassu a cikin al'umma a Abuja aka ƙaddamar da su a 2010. Sharaɗina biyu: a rubuta abin da za ki yi da abin da ba za ki taɓa ba, kuma a samu ƙwararre ɗaya a babban asibitin yanki da zai riƙa zagayowa ko da sau ɗaya a wata.

Ummi Ɗaliba:
Jihar Tamil Nadu a Indiya kusan haka ta yi. A Agustan 2021, korona ba ta gama lafawa ba, suka fara shirin kai magani har gida: mata masu sa kai suna kai maganin hawan jini da suga, mota kuma tana zagayawa da nas da mai gashi zuwa wurin waɗanda ba sa iya fita. Annobar ce ta nuna musu masu ciwon da ba ya warkewa sun daina zuwa asibiti, sai asibitin ya bi su.

Hajiya Zango Kumasi:
Mu nan Gana katin inshora yana ɗaukar gashi a asibitin gwamnati, amma sai ka kai kanka babban asibiti, layi kuma sai wanda ya gani. Kullen Kumasi da Ankara mako uku kawai aka yi, duk da haka tsofaffi sun daɗe suna tsoron zuwa. Kati ba ya ɗaukar mutum daga gado ya kai shi mota. Maganar Rukayya ita ce.

Dakta Mai Jinya:
To in taƙaita inda na tsaya, don kada a ce na sauka gaba ɗaya. Na yarda a rubuta gashi cikin ayyukan dole tun kafin annoba, a ware musu takunkumi da safar hannu, a sa mutum ɗaya nasu a kwamitin gaggawa na jiha, kuma kada a sallami kowa sai an koya wa mai jinyarsa. Na yarda a ƙara layi na uku a rajista. Abin da ban yarda ba shi ne a ce a mako biyun farko na cutar da ba a san kanta ba, a tara tsofaffi a ɗaki ɗaya. In gobe aka sake, zan sake ba da shawarar a rufe ɗakin, sai dai a ɗauki lambar kowa kafin a sa kwaɗo.

Ɗan'azumi Mai Keke:
A sa mutum biyu a kwamitin, Dakta. Ɗaya mai gashi, ɗaya wanda ake gasawa.

Dakta Mai Jinya:
Na karɓa, Malam Ɗan'azumi.

Maman Nabila:
Na gode muku duka. Dakta, da farko maganarka ta yi min zafi, amma na fahimce ka. Malam Abu, tambaya ta ƙarshe, don Allah ka faɗa min tsakani da Allah: bayan duk shekarun nan, akwai sauran amfani in mun koma? Baba ya ce shi ya haƙura, kada a ƙara wahalar da yara.

Abu Fisiyo:
Akwai, Hajiya. Ba zan ce miki hannun zai dawo ya riƙe almakashi ba tun ban gan shi ba, kuma da wuya. Amma ana iya sassauta ƙagewar ya daina jin zafi wajen sa riga, a yi masa abin ɗaure tafin hannu don farce ya daina cin nama, a ƙarfafa ƙafar da tsayuwa don kada ya faɗi a banɗaki, a koya masa yin alwala da cin abinci da hannu ɗaya ba sai an tsaya a kansa ba. Ku je a auna shi sau ɗaya, ku tafi da wanda ya fi zama da shi a gida don shi za a koya wa. Ku riƙe katinsa na da da magungunan da yake sha. Kuma ku tambaye shi abu ɗaya da ya fi so ya iya yi da kansa, daga nan ake farawa.

Maman Nabila:
Na tambaye shi yanzu da na kai masa kunu. Ya ce masallacin ƙofar gida, da ƙafarsa, ko da sallar Magariba kaɗai. Taku talatin ne da ɗan tudu a bakin kwata. Na kira Yaya, ranar Litinin in sha Allah za mu kai shi.